Sakan Huɗu a Dutse Uku

Ku samarin da kuke taruwa a bencin ƙofar shagona kuna kallon ƙwallo a waya cikin tafin hannu, na san abin da kuke faɗa in na shiga ciki. Kuna cewa aikin Baba Lawal ai ba aiki ba ne, a hau rufi ne a kafa faranti ya kalli sama, a ɗaure da sifana a sauko. Ba na jin haushinku. Ni ma haka na ɗauka da farko, sai da sana'ar nan ta kunyata ni a gaban rabin mutanen Dutse Uku kafin na yarda ta girme ni. Kuma tunda kun sha tambayata dalilin da ya sa allon shagona ke ɗauke da sunan Lawal Latti, bari in ba ku labarin gaba ɗaya, ku huta ni ma in huta.

Dish na farko da na taɓa da hannuna na wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne. A lokacin ina gyaran rediyo a Anguwan Rogo, da mata da 'ya ɗaya, kasuwar rediyo kuma ta fara ja da baya. Shi ya sa na bi Oga Ikenna, wani Ibo haifaffen Jos wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana. Dish ɗin irin na da ne, ragar ƙarfe, sai mutum huɗu sun ɗaga shi. Na ɗauka da isarmu za mu fara neman hoto. Sai Oga ya miƙo mini diga ya nuna mini ƙasa. Kwana biyu muka yi a kan sandar da za ta ɗauki dish ɗin kawai: a haƙa, a kafa, a zuba siminti, a ɗora ma'aunin magina ta gabas, a ɗora ta kudu, a tabbatar ta miƙe sak. Da na fara ƙorafi, sai ya ce, "Lawal, dish ba ya ƙarya. Sanda ce maƙaryaciya. In ta karkace da kaurin farce, sai ka shekara kana neman tauraron ɗan Adam a inda ba ya nan."

Kayan aikinmu duka suna shiga jaka ɗaya. Sifana biyu, mai lamba goma sha uku da mai sha bakwai, filaya, kamfas na gane gabas, baƙin salatif, naɗin kebul, sai ƙaramar talabijin baƙi-da-fari da muke hawa da ita duk inda dish yake. Babu wannan na'urar da ake yayi yanzu, mai kuka in ta kamo tauraro. Ido ne da haƙuri. Kana tura dish da kafaɗa a hankali, kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da jariri ke barci, idonka a kan talabijin, har ka ga yayyafin nan fari da baƙi ya fara haɗa inuwar mutum. Sannan ga abin da ba mai gaya maka sai wanda ya sha wuya: ɗaure noti ma yana motsa dish. In ka samu hoto tas ka ɗaure, ka rasa shi. Sai ka wuce shi kaɗan da gangan, yadda ɗaurin zai dawo da kai daidai. Na yi wata shida kafin hannuna ya gane girman wannan kaɗan ɗin.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai alhazan da ke son ganin sallar Makka da azumi, akwai fastocin da ke neman tashar wa'azi, akwai wanda shi dai a ga dish a gidansa ko da ba zai kunna ba. Amma ƙwallo ce ta riƙe mu. Shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talaka su ne shekarun da gidajen kallo suka cika Jos. Kowane lungu an kewaye fili da langa-langa, an jera benci, janareta a baya, allo a ƙofa an rubuta wasan ranar da alli. Mutumin da bai taɓa wuce Bukur ba sai ka ji yana cewa "mun sayi ɗan wasa", "mun kori koci". Har wata al'ada ta fito: in ƙungiyarka ta ci, sai ka yi wa abokin adawarka filashin, wato ka kira shi ka katse kafin ya ɗauka. Ba ka kashe ko kwabo ba, amma ka ɓata masa yini.

Gidan kallon Baba Pam shi ne na farko da Oga Ikenna ya bar mini kulawarsa da na kammala koyo. Baba Pam dattijo ne ɗan Birom, tsohon direban kamfanin kuza, gidan kallonsa yana wani siririn layi a Dutse Uku, gindin duwatsu. Babban dish ne irin na da, yana kamo wata tasha daga wata ƙasa da ke sharhi da Faransanci. Hoton da ɗan yayyafi, sharhin kuma ba mai jinsa. Ba wanda ya damu, domin Baba Pam da kansa yake tsayawa gefen talabijin yana yi da Hausarsa ta Jos. "Ga shi nan ya ɗauko! Wannan yaro, ƙafan shi biyu duka na hagu ne!" Masu shuɗiyar riga yake goya wa baya, kuma ba ya ɓoyewa.

Gidan da ke kallon nasa, tsallaken layi, na Alhaji Ɗanjuma ne, babban mahauci a Abbatuwa. Sun fi shekara ashirin suna maƙwabtaka. In Kirsimeti ta zo Alhaji ne ke yanka wa Baba Pam akuya, in Sallah ta zo Baba Pam ne ke fara shigowa cin nama. Abu ɗaya ne ya raba su: Alhaji ɗan jar riga ne. Wata Asabar aka lallasa masu ja, Baba Pam ya yi ta sharhi a kansa a gaban mutane har Alhaji ya tashi ya fita. Washegari ya aiko a kira ni.

"Lawal, gidan kallo zan buɗe a ƙofar gidana," in ji shi. "Amma ba irin na Pam mai ruwan sama a ciki ba. Sabon nan nake so, na dijital, mai kati. Za ka iya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai aikina ne."

Wannan shi ne babban aikin farko da na yi da sunana, ba da sunan Oga ba, don haka na zuba masa duk abin da na sani. Dish ɗin ƙarami ne, bai fi tiren mai tsire ba. Na kafa shi a bayan gida inda iska ba ta dukansa, na ja kebul mai kyau doguwar hanya ta bayan katanga don kada ya ɓata wa gidan fuska, na saita dikoda, na sa kati. Da hoto ya fito sai kowa ya matso ya zuba ido. Ana ganin gumi a goshin ɗan wasa, ana ƙirga ciyawa. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce duk mahautan Abbatuwa sai sun san ni, kuma nan take uku daga cikinsu suka ce in zo gidajensu. Na koma gida ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Asabar ta farko gidan ya cika maƙil. Ga ƙamshin tsire a ƙofa, ga fanka, ga sharhi da Turanci. Wajen minti ashirin da farawa, wani ɗan ja ya ɗauko ƙwallo ta gefe, bai ma kai bakin akwatin gola ba, sai ihu ya tashi daga tsallaken layi. Mutanenmu suka kalli juna. Ɗan wasan ya ci gaba da gudu, ya bugo, wani ya sa kai, ƙwallo ta shiga raga. Aka yi ɗan ihu, amma ihu ne kamar ɗumamen tuwo. Na ce a raina wataƙila wani wasan suke kallo. Da aka ci ta biyu abin ya sake faruwa, sai na ƙirga a zuci. Sakan huɗu cif gidan Baba Pam ke riga mu.

Ku da ba ku zauna a wurin ba za ku ce mene ne sakan huɗu. To, duk daɗin ƙwallo a rashin sani yake. Wannan ɗan lokacin da numfashinka ke tsayawa, ba ka san za ta shiga ko za ta fita ba, shi mutum ya biya ya shigo ya saya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a layin nan ji ne ya kori gani. In an ji ihu, an san an ci. In an ji shiru, an san an ɓarar, ko da ɗan wasa yana shi kaɗai da gola. Sai kuma 'yan gidan Baba Pam suka gano abin, suka mayar da shi wasa. A ba da fanareti, mai bugawa yana ja da baya bai ko fara gudu ba, sai ka ji wayoyi goma sun ɗauki kuka a aljihun mutanenmu. Filashin ne daga tsallake. Kafin wata guda rabin bencin Alhaji ya koma wajen hoto mai yayyafi, kuma wani mara kunya ya raɗa mini Lawal Latti. Sunan ya bi ni har masallaci.

Na yi duk abin da na sani, sannan na shiga abin da ban sani ba. Na sake saita dish sau uku. Sai tunani ya zo mini cewa doguwar hanyar kebul ce ke gajiyar da hoton. Na matso da dish kusa da ɗaki, na sa filaya na datse kebul ɗin nan mai tsada, na bar guntu, sauran na raba shi biyu na naɗe na jefa a jaka. Sakan huɗu suna nan. Daga nan na ce to ko tauraron ne ya yi mana nisa. Na ɗauki dish da siminti da wani tsohon kebul na aro na hau kan dutsen bayan gidan Alhaji, na kafa shi can ƙoli don ya fi na Baba Pam kusa da sama. Mutane suka tsaya a ƙasa suna kallona, wani yana cewa in ƙara hawa kaɗan. Ba abin da ya canza sai gwiwata da ta kumbura.

Alhaji ma ya gwada tasa dabarar. Ya sa aka jera buhunan dusa a jikin langa-langa don su tare sauti, ya ƙaro lasifika biyu har benci na rawa. Ihun mutum ɗari ba ya jin buhu. Ya ce kowa ya ajiye wayarsa a tire a ƙofa kafin ya shiga. Ranar da aka fara, wayoyin suka yi kuka tare a cikin tiren ƙarfe, ƙarar ta fi ta aljihu, sannan aka yi rigima wajen ɗauka domin duk iri ɗaya ne.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na je wurin Oga Ikenna. Da na kai wurin hawan dutse, dariya ta sa sai da ya ajiye abin da ke hannunsa ya share hawaye.

"Lawal, rashin sani ya fi dare duhu," in ji shi. "Tauraron da ke dubban kilomita a sama, shi za ka cim ma da dutsen Alhaji? Saurara. Tunda mahauci kake wa aiki, bari in yi maka da nama. Na Pam, daga wuta ake miƙo masa tsire, da toka da komai. Naka kuwa sai an karkaɗe, an yanka, an naɗe a takarda, an kai wata ƙasa an sa masa hatimi, an sake aikowa, sannan dikoda ta zauna ta warware. Shi ya sa ya fi tsabta, shi ya sa kuma yake makara. Ba laifin hannunka ba ne, kuma babu sifanar da za ta gyara shi."

Na ji sanyi na kuma ji tsoro a lokaci ɗaya. Na kai wa Alhaji bayanin kamar yadda aka ba ni, har da naman. Ya saurara yana goge wuƙa.

"Lawal, ni ba ɗan boko ba ne," ya ce. "Abin da na sani, na ba ka aiki, an mayar da ni abin dariya a ƙofar gidana. Saura wasan ƙarshe na kofi, mu da su Pam. In aka sake riga ni ihu a ranar, ka zo ka kwance kayanka. Kuma in an tambaye ni a Abbatuwa, ba zan yi ƙarya ba."

Ai ba sai an tambaye shi ba. Mahautan nan uku sun riga sun kira wani. Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'a: wajen wata uku ba wanda ya ce in zo in kafa ko sanda. Na koma buɗe tsofaffin rediyo. A aikinmu suna ne jari, domin ba wanda ke iya duba aikinka kafin ya ba ka, bakin mutane kawai yake bi.

Ranar Juma'a, jajibirin wasan, Baba Pam ya aiko in je in duba masa dish kafin gobe. Na hau bayan sallah da sifana mai lamba sha bakwai. Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya hau tare da ni. Rabin juyi kawai zan sassauta noti ɗaya, iskar gobe ta ƙarasa sauran, hotonsa ya ɗauke, kowa ya dawo gidan Alhaji, ba kuma wanda zai taɓa sani. Ina riƙe da sifanar a kan notin sai na ji muryarsa daga ƙasa.

"Injiniya, sauko ka sha kunu tukuna. Na san wahala da kana sha a wancan gida. Amma abeg, ka ɗaure mini shi da kyau, ba ni da wani sai kai."

Kunya ta rufe ni har na kasa kallonsa. Na ɗaure notin nan, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na ƙara wa sandar duwatsu a gindi, na naɗe kan kebul da sabon salatif. Ban taɓa ɗaure dish kamar yadda na ɗaure na ranar ba. Na sauko na sha kunu, na tafi gida na gaya wa maiɗakina ta shirya, wataƙila mu koma cin abincin rediyo.

Asabar ta waye da rana tas, irin wadda duk ɗan Jos ya san ba a yarda da ita a watan Mayu. Ƙarfe uku aka take wasa. Saboda girman ranar, gidajen biyu duk sun cika, har da masu leƙe ta ramin langa-langa. Na zauna kusa da dikoda da jakata a ƙafa, ina addu'ar da ban taɓa jin wani ya yi ba, wato Allah ya sa kada kowa ya ci. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Muka yi la'asar a ƙofar gida, muna sallamewa na ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

Minti goma da komawa iska ta taso, sai ruwa, sai ƙanƙara. In ba ku taɓa jin ƙanƙarar Jos a kan langa-langa ba, ba ku san ƙara ba. Hotonmu mai tsabta ya fara farfashewa gida-gida, ɗan wasa ya daskare da ƙafa ɗaya a sama, sannan allon ya yi shuɗi. Ƙaramin dish ba ya jure ruwa mai ƙarfi, balle wanda wani wawa ya kai kan dutse. Babba kuwa, mai raga, ko a jikinsa, musamman wanda aka ɗaure jiya. Mutanenmu suka yi waje cikin ruwa suka nufi tsallake. Baba Pam ya tsaya a ƙofarsa ya ware hannu biyu, domin ciki ko allura ba ta da wurin faɗuwa. Alhaji yana tsaye a tasa ƙofar yana kallon mutanensa suna watsewa.

Sai Baba Pam ya ɗaga murya ta cikin ruwan. "Injiniya! Kana da kebul? Zo ka ja daga nawa ka kai ma shi!"

Alhaji ya ce, "Ni in karɓi hoto daga gidan Pam?"

"Ɗanjuma, ka bar girman kai! Ina so ka ga yadda za mu ci ka da idon ka!"

Alhaji ya dube ni ya ce, "To me kake jira?"

Na zazzage jaka, ga guntayen nan biyu na kebul ɗin da na datse da wautata. Na ruga gidan Baba Pam na sa ɗan ƙarfen nan mai raba hoto biyu a bayan risibarsa, wato akwatin da ke kamo masa tasha, na ɗaura guntu ɗaya na jefo ta taga. Na dawo na cusa ɗayan a bayan talabijin ɗin Alhaji. Sa'ar da na ci, duk akwatin da na kafa a lamba ɗaya nake saita shi, ɗabi'ar da Oga ya koya mini, don haka ba sai an tsaya neman tasha ba. Na ja bakin nan, na ja bakin can, suka haɗu a tsakiyar layi daidai wa daida, babu rarar ko taƙi ɗaya. Abin haɗawa kuma babu a jakar. Na feƙe bakunan da filaya, na murɗa jan ƙarfen cikin, na naɗa salatif, ruwa ya hana shi kamawa. Sai na matse mahaɗin da yatsuna na ɗaga sama. Daga ɗakin Alhaji na ji an ce, "Ya kawo! Ya kawo!" Na ɗan sassauta hannu in gyara tsayuwa, aka ce, "Ya ɗauke!" Nan na gane inda zan kalli sauran wasan.

Kada wanda ya kwaikwayi wannan. Tsayuwa cikin ruwa da kebul a hannu ana walƙiya hauka ne, ko a lokacin na sani, ga wuta na ɗan tsikarar yatsuna. Amma sunana ne a tsakanin yatsun nan, ban ga yadda zan sake shi ba. Ruwa ya kai mini idon sawu, ƙanƙara na dukan ƙeyata. Can sai na ji dukan ya koma ƙarar ƙarfe. Na ɗaga kai, Alhaji ne da babban tiren tsirensa, ya kifa a kanmu, rigarsa ta manne a jiki.

"Kada ka ce don kai na fito," ya ce. "Hoton nake karewa."

Ba a jima ba ga Baba Pam da tsohuwar lema mai karyayyen haƙarƙari, wai ya zo ya ga ko injiniyan bai narke ba. Ya tsaya ta ɗaya gefen ya tare mana iska. Suka fara musu a bisa kaina, wannan na cewa golan wancan kwando ne, wancan na cewa kocin wannan ko akuya ba zai iya kiwo ba. Ni dai ina tsakiya, hannu ya sage, haƙora na kaɗawa, ina dariya ba na so.

Muna cikin haka ihu ya fashe. Daga dama da hagu ya zo, lokaci ɗaya, ba wanda ya riga wani ko da ƙiftawar ido. Langa-langar gidajen biyu ta amsa tare, har na ji shi a ƙirjina ya danne ƙarar ruwan. Wata uku ina jin ihu biyu, na gaba da na baya. Ranar na ji guda ɗaya, kuma ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Baba Pam ya ce, "Wa ya ci?"

Alhaji ya ce, "Ina na sani? Ba tare muke ba?"

Suka dubi juna, sai kowa ya juya ya ruga gidansa, mai tire da tirensa, mai lema da lemarsa. Suka bar ni ni kaɗai a cikin ruwa. Haka na riƙe kebul ɗin nan har aka busa tashi.

Masu ja ne suka ci, kuma a haka aka tashi. Alhaji ya sa aka rabar da duk tsiren da ya rage kyauta, har da 'yan tsallake, Baba Pam yana ci yana cewa ƙwallon satar gida ce. Da aka ɓamɓare yatsuna daga kebul, Alhaji ya zaunar da ni kusa da wutar tsire ya lulluɓa mini bargo.

"Lawal, ihun nan tare aka yi shi, ko kunnena ne?"

Na ce, "Tare aka yi, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai. "To, ba a riga ni ba ke nan. Litinin ka zo Abbatuwa da jakarka."

A satin na haƙa layin na binne kebul sabo, guda ɗaya marar mahaɗi, a cikin bututun roba. Daga ranar hoto ɗaya gidajen biyu ke kallo: in akwai hadari na Baba Pam, in sama ta yi garau na Alhaji. Bayan 'yan shekaru tsohuwar tashar ta rufe irin watsawar da, kowa ya koma dijital, duk gari ya makara tare, ba wanda ya sake lura. Sunan Latti dai bai goge ba. Da na ga mutane suna zuwa suna tambayar ina shagon Latti wanda ya riƙe hoto da hannu, ni da kaina na kira mai fenti.

Yanzu ina ganinku a bencin nan, mutum biyar waya biyar, wasa ɗaya. Ɗaya ya yi tsalle, sauran huɗun su harare shi domin tasu ba ta iso ba tukuna. Sai in yi murmushi in ci gaba da aikina. Kwanaki ɗayanku ya ce in gaya masa shekarar da ƙungiyoyin, zai nemo mini ƙwallon a wayarsa cikin minti ɗaya, in gani daga kowace kusurwa. Na gode masa, na ce ya bar kuɗin datarsa. Baba Pam ya rasu, Alhaji ya tsufa ba ya fita, layin ma an zuba masa kwalta a kan kebul ɗina. Har yau ban ga ƙwallon nan ba, kuma ba na so in gani. Duk wanda ya gan ta a ranar, a gida ɗaya ya gan ta. Ni kaɗai na ji ta a gida biyu.